Idan Ƙarfi Ya Ƙare, Wa Zai Zauna Da Kai?

Jama'a, wannan rubutu yana da ɗan tsawo, kuma a kan batun da ba mu saba tattauna shi cikin natsuwa ba ne. Ina roƙon wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

Tun daga 2013 masu shirya wasannin barkwanci na talabijin a Ingila da Amurka suke ta komawa kan tunani guda: a ɗauko maza masu neman maza waɗanda tsufa ya fara kamawa, a nuna yadda suke fama da furfura da ciwon gwiwa da kaɗaici, da neman abokin zama a lokacin da babu mai waiwayarsu. Na san matsayin addininmu a kan wannan ɗabi'a, na kuma san dokar da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ba ni da ilimin yin haka. Ni mai kallo ne da ke son gane abin da ke sa labari ya yi rai. Waɗannan wasanni kuwa sun taɓo tambayar da babu ɗan Adam da zai kuɓuce mata: idan ƙarfi ya ƙare, wa zai zauna da kai?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Vicious, wanda gidan ITV ya fara nunawa a 2013. Freddie da Stuart tsofaffi ne da suka shekara 48 tare a wani gida a unguwar Covent Garden ta Landan. Labulayensu kullum a sake, karensu ya tsufa har ba ya iya tashi, su kuma daga safe har dare suna jifan juna da baƙar magana. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne wayar da Stuart ke yi da mahaifiyarsa: duk tsawon shekarun nan bai taɓa iya faɗa mata ko wane ne Freddie a wurinsa ba. Mai kallo yana dariya, sai can ya tuna cewa mutumin nan ya haura saba'in yana ɓoye rayuwarsa ga wadda ta haife shi. Wasu masu sharhi a Ingila sun ce wasan tsohon yayi ne, ya cika ƙarin gishiri. Akwai gaskiya a maganarsu. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da tsofaffin da suka daɗe tare ya san cewa wani faɗan sabo ne kawai, ranar da ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ba ya runtsawa.

Abin da ya ƙara wa wasan nauyi shi ne waɗanda suka fito a cikinsa. An haifi Derek Jacobi a 1938, Ian McKellen kuma a 1939, kuma dukansu a zahiri masu neman maza ne. Sai a 1967 Ingila ta cire hukunci a kan irin wannan mu'amala tsakanin baligai a ɓoye, wato sun kusa shekara 30 a duniya doka tana iya kai su kurkuku. McKellen bai bayyana kansa ga jama'a ba sai a 1988, a wata hira ta rediyon BBC. Saboda haka idan suka yi wasa da tsoro da ɓoye-ɓoye, abin da suka rayu a ciki ne suke mayarwa abin dariya.

Akwai kuma wani babban rami a tarihin waɗannan mutane, wanda duk wasan da ya tsallake shi ba zai yi zurfi ba. A 1981 aka fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a Amurka. Kafin tsakiyar shekarun 1990 ta zama cutar da ta fi kashe Amurkawa masu shekara 25 zuwa 44, kuma sai a wajen 1996 aka samu haɗin magungunan da ya sa mai ɗauke da ita zai iya daɗewa. Mazan da ke da shekara sittin ko saba'in yau sun binne abokansu tun suna samari. Da yawansu ba su taɓa zaton za su ga furfura ba, ba su yi tanadin tsufa ba, kuma waɗanda ya kamata su gaya musu yadda ake yinsa sun riga sun mutu. A wajenmu dattijo yana da 'ya'ya da jikoki, yana da masallacin unguwa da majalisar ƙofar gida. In bai fito sallar asuba kwana biyu ba, za a je a ƙwanƙwasa masa. Da yawa daga cikin waɗancan ba su haihu ba, wasu kuma danginsu sun yanke alaƙa da su tun da jimawa. Irin wannan kaɗaici ne ya sa tun 1978 aka kafa ƙungiyar SAGE a birnin Niyok don kula da irin waɗannan tsofaffi. Wani fim na gaskiya mai suna Gen Silent, na 2010, ya nuna wasunsu a yankin Boston suna komawa ɓoye kansu idan sun buƙaci masu jinya, saboda tsoron a wulaƙanta su a lokacin da ba sa iya kare kansu.

Da wannan ma'auni nake ganin Uncoupled, na Netflix a 2022, bai kai inda ya kamata ba. Neil Patrick Harris ya fito a matsayin Michael, dillalin gidaje a Manhattan, wanda abokin zamansa na shekara 17 ya kwashe kayansa ya tafi a daren bikin cikar shi abokin zaman shekara 50. Sauran labarin shi ne yadda Michael ya faɗa duniyar neman aboki ta manhajar waya, inda ake zaɓar mutum da hoto ana ƙin shi da hoto. Akwai wuraren dariya. Sai dai Michael yana da kuɗi da lafiya da kyau da tarin abokai, tsufan nasa a baki ne kawai. Kashi 8 aka yi aka tsaya.

Mid-Century Modern, wanda Hulu ya fitar a 2025, ya fi gane inda ciwon yake. Abokai uku ne suka haɗu wajen jana'izar na huɗunsu, suka kalli juna suka ga abin da ke jiran kowannensu, sai suka yanke shawarar komawa gida ɗaya a Palm Springs ta Kalifoniya, gidan Bunny, wanda Nathan Lane ya fito a matsayinsa, tare da tsohuwar mahaifiyarsa. Babu soyayya tsakaninsu, zumunci ne zalla. Kowa ya ga cewa sawun The Golden Girls suka bi, wasan nan na mata huɗu a Miami da aka yi daga 1985 zuwa 1992. Ana cikin ɗaukar shirin, Linda Lavin, wadda ta fito a matsayin uwar, ta rasu a Disambar 2024 tana da shekara 87. Marubutan ba su nemo wata ta maye gurbinta ba, sai suka sa mutuwar cikin labarin. Wasan da aka ƙirƙira don a yi dariya da tsufa ya zo ya yi makoki na gaske a gaban masu kallo. A ganina nan ne ya fi kyau.

Ba zan rufe ido ga waɗanda irin wannan rayuwa ta raunata ba. Grace and Frankie, da Netflix ya nuna daga 2015 zuwa 2022, ya buɗe ne da lauyoyi biyu, Robert da Sol, suna gaya wa matansu bayan shekara 40 da aure cewa sun shekara 20 suna tare a ɓoye. Wasan ya yi adalci da ya sa matan biyu, waɗanda Jane Fonda da Lily Tomlin suka fito a matsayinsu, a tsakiyar labarin, domin an yaudare su, an kuma bar su a shekarun da sake rayuwa ke da wuya. Marubucin kirki dole ya riƙe ciwo biyun tare: na namijin da ya shafe rayuwarsa yana tsoro, da na macen da aka yi garkuwa da ita ba da saninta ba.

Da wani zai tambaye ni yadda za a gina irin wannan wasa, cewa zan yi a rage yawan fita neman aboki, a ƙara zaman ɗakin jiran likita. A nuna mutum yana cika takardar asibiti ya iso layin da ake rubuta sunan wanda za a kira in abu ya faru, ya tsaya da biro a hannu. A nuna abokai suna gardamar wanda zai raka wani aikin ido. Akwai dariya a cikin wannan, kuma irin wadda ba ta zubar wa kowa mutunci.

Mu ma nan akwai abin da ya shafe mu. Mun daɗe muna sa ɗan daudu a fina-finanmu na barkwanci, da rangwaɗa da tafa hannu da habaici, a yi dariya a wuce. 'Yan daudu ba ɗaya suke da mutanen waɗancan wasanni ba, tarihinsu da sana'arsu daban ne, amma su ma suna tsufa. Wanda ya shekara talatin yana tuƙa tuwo da suyar kaji a tasha, ranar da hannunsa ya kasa ɗaga muciya, ina yake komawa? Wa ke kai shi asibiti? Ni dai ban taɓa ganin fim ɗin da ya bi shi har can ba. Kullum a tsaye muke nuna shi, a lokacin da yake da ƙarfin ba mu dariya.

Ba na neman kowa ya sauya aƙidarsa. Addinin da ya yi hani shi ne kuma ya yi umarni da duba mara lafiya da ciyar da mai yunwa da kyautata wa maƙwabci, bai ce sai an binciki tarihinsa ba. Don haka ina kira ga marubutanmu: in za ku sa irin wannan mutum a labari, ku ba shi uwa da ƙanne da ciwo da tsufa kamar kowa. Ku kuma masu karatu, in akwai tsoho a unguwarku da babu mai leƙa shi, ko mene ne ake faɗa a kansa, ku aika masa da abinci, ku tambayi lafiyarsa.