Kamun Wuri da Taliyar Bakin Teku

Akwai kalmomi uku a Hausa da rubutun boko ya sanya wa riga ɗaya, sai karin sauti da tsawon wasali suke raba su. Akwai wuri, wato muhalli, mai sauti sama-sama da dogon wasalin ƙarshe. Akwai wuri na "da wuri", kishiyar makara, mai gajeren wasali. Sannan akwai wuri mai sauti sama-ƙasa, ɗan ƙwanson nan na teku wanda jam'insa shi ne kuɗi. Gidan cin abinci irin na Turai yana neman ukun duka a hannun baƙo: ya kama wuri, ya kama shi da wuri, ya kuma zo da wuri a aljihu.

Al'adar zango ba ta san wannan sharaɗi ba. Zango masaukin fatake ne, inda ayari yake sauke kaya idan rana ta yi, kuma daga nan unguwannin Hausawa na Kumasi da Lome da Kwatano suka sami sunansu. Falke ba ya aiko da ranar isowarsa, domin hanya ce take yanke ta. Sallamarsa a ƙofar zaure ita ce kamun wurinsa.

A kan wannan ƙa'ida na sauka a Zongon Kwatano, kusa da babban masallaci, a gidan wani dattijo dillali. Kwana biyu ina cin tuwon gidansa, a na uku na roƙe shi ya bari in kai shi cin abinci waje. Bayan sallar Isha'i muka hau babur, wanda Bakano yake kira acaɓa, ɗan Maraɗi ya ce kabu-kabu, mutanen garin kuma zemidjan, muka nufi Haie Vive, unguwar da gidajen abincin baƙi suka yi yawa. A gidan Italiyawa na farko, ma'aikacin ya tambaye mu da Faransanci ko mun kama wuri. Da muka ce a'a, ya ba mu haƙuri cikin ladabi. Alhaji ya dubi tebura uku da ba kowa a kansu, ya ce, "Malam, waɗannan kuma na aljanu ne?" A gida na biyu aka ba mu kujeru a wani lungu.

Takardar abincin ta nuna mini iyakar harshenmu a bakin teku. Muna da kifi, da ƙaguwa, da jatan lande, daga nan sai kwatance. Ba abin mamaki ba ne ga harshen da ya girma tsakanin Kano da Katsina, nesa da gaɓa. Italiyawa kuwa suna tara dukkan masu ɓawo da ƙwanso a ƙarƙashin suna ɗaya mai ma'anar 'ya'yan itacen teku. Halaccinsu bai dame mu ba, tunda mazhabar Malikiyya ta halatta abin da yake rayuwa a teku. Abin tambaya shi ne miyar, domin masu dafuwar Italiya sukan zuba farar giya a cikinta. Muka nemi a yi mana da man zaitun da tafarnuwa da tumatir kawai, aka yi.

Taliyar ita ce tsohuwar saniya a wurinmu. Tana cikin dangin abincin alkama da Kanawa suka saba da su ta hanyar cinikin Sahara, irin su gurasa da alkubus da alkaki. Kunne yana jin sunan Italiya a cikinta, amma Larabawa ma sun daɗe da ita: a shekarar 1154, al-Idrisi ya ba da labarin garin Trabia na tsibirin Sisili, inda ake yin busasshiyar taliya mai suna itriyya ana fitar da ita zuwa ƙasashe. Duk da wannan zumunci, Alhaji ya tauna ya ce ba ta nuna ba. Na gaya masa haka masu ita suke so, da sauran ƙarfi a haƙori. Ya ce, "To, kowa da kiwon da ya karɓe shi," ya cinye jatan landen ya bar mini zaren.

Ban ɗauki teburan nan uku a matsayin rowa ba. Tukunyar tuwo tana miƙewa: baƙo ya iso, a ƙara gari, a tsinka miya, kowa ya samu. Jatan lande ba ya miƙewa, ba ya kuma kwana a zafin Kwatano. Wanda ya saye shi da safe dole ya san bakuna nawa za su ci shi da dare. Kamun wuri alkawari ne tsakanin mai dafuwa da mai ci, kuma kujerar da ba kowa a kanta amanar wani ce da yake hanya. Zango yana girmama wanda ya iso, gidan abinci yana girmama wanda ya ce zai zo. Bahaushe ya san darajar baƙo, ya kuma san alkawari kaya ne.

Da aka kawo lissafi, Alhaji ya riga ni miƙa hannu, yana ƙirga sefa da jika kamar yadda Hausawan ƙasashen sefa suke kiran dubu guda. Na tuna masa ni na gayyace shi. Ya ce a ƙa'idar masu gidan haka ne, amma muddin jakata tana ɗakinsa, duk inda na ci a garin nan akushinsa na ci.

Saboda haka ɗalibi ya lura da aikatau biyu da suke raka kalmar. Ana kama wuri, ana kuma ba da wuri. Na farko aikin mai zuwa ne, na biyu aikin mai gida.