Kafin ka kunna Covaris

Ɗana, tunda aikin daddatsa DNA ya faɗo hannunka, zauna mu yi magana.

Injin Illumina ba ya karanta dogon zare, sai an gutsuttsura shi, galibi zuwa haruffa 350 ko kusa da haka. Tsaki ake nema, ba gari ba. In niƙan ya wuce, babu mai mayar maka da shi. Gajerun gutsattsarin kuwa su suka fi saurin kama wuri a farantin karatu, su danne dogayen, kuɗin ɗakin bincike ya tafi a banza.

Na san matasa da gaggawa. Ruwan da injin datsawa na Covaris ke aika sauti ta cikinsa, sai ya yi sanyi kamar digiri 7, an kuma zuƙe iskar da ke cikinsa. Jira shi. Ka ɗaga bututun samfurin ka duba, don kumfa ɗaya tak ta isa ta bar maka wani zaren a daddatse, wani yana nan yadda yake.

Ƙara wa injin ƙarfi kuwa, yi hattara. A 2013 masu bincike na cibiyar Broad da ke Amurka suka bayyana abin da ya same su a samfurorin ciwon daji. Sun riƙa ganin C ta koma A, G ta koma T, har ka rantse cutar ce ta jawo. Ashe a wurin datsawa aka yi ɓarnar. An matsa wa DNA da sauti mai ƙarfi don ya sauko haruffa 150, ga dattin da ya biyo shi tun daga tacewa, sai iskar oksijin ta lalata G ɗin, injin karatu ya ɗauke ta a matsayin T. Ka ga wanda bai sani ba zai rubuta wa marar lafiya abin da babu shi a jikinsa. Don haka ka wanke samfurin, ka sauya masa ruwa kafin ya shiga inji.

Awon yawan DNA da na'urar Qubit za ka yi. NanoDrop yana haɗawa da RNA ya cika maka lissafi. DNA na naman da aka adana a kakin farafin ya riga ya karairaye, rage masa lokaci. In da inzayim za ka datsa maimakon sauti, yawan EDTA yana kashe masa kaifi.

Lokacin da kamfani ya rubuta a takarda, wurin farawa ne kawai. Ɗebi kaɗan, gwada lokuta uku, ka kai na'urar TapeStation ka ga inda tudun tsawon gutsattsarin ya tsaya, sannan ka taɓa sauran samfurorin mutane.