Naɗaɗɗiyar Awaza

Shekararsa bakwai a Italiya, huɗu daga cikinsu yana wanke-wanke a wani gidan abinci a Aricca, ƙaramin gari a kan tuddan kudu da birnin Rum. Garin ya yi suna da wani gashi da ake kira forketta, wanda a 2011 Tarayyar Turai ta yi wa rajista da sunansa. Naman alade ne ake zare wa ƙashi, a baɗe cikinsa da gishiri da masoro da tafarnuwa da ganyen rozmari, a naɗe shi kamar tabarma, a ɗaure, a bar shi sa'o'i a cikin tanderu. A wasu sassan ƙasar shammar ake sa wa. Bai taɓa kai shi baki ba, amma idonsa ya haddace aikin.

Da ya dawo Tudun Wada, Babbar Sallar farko, sai ya roƙi a bar masa awaza ɗaya ta ragon layya. Kuskurensa shi ne faɗin inda ya ga irin wannan gashi. Mahaifiyarsa ta ajiye wuƙar da ke hannunta, ta ce: "Girkin alade za ka yi mini da naman ibada?"

Ya ce, "Inna, dabbar aka haramta, ba a haramta gishiri da wuta ba."

Ba ta amsa ba. Ya gane cewa ba naman ne damuwarta ba. Tun ranar da ta tare shi a zaure take riƙe da wata tambaya da kunya ta hana ta yi: me ya shiga cikin ɗanta a shekarun da ba ta ganinsa? Ba baƙon abu ba ne a kudancin Kano a zauna da wanda cimarsa ta bambanta da taka, domin daga Bebeji da Kiru har Doguwa akwai Hausawa Kirista da Maguzawa, ana cin kasuwa ɗaya, kowa ya san iyakar tukunyarsa. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne iyakar ta ratso ta tsakar gidanta.

Duk da haka ya yi aikinsa a gabanta, bai ɓoye komai ba. Ya zare haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa tsokar. Rozmari babu, sai ya daka ɗaɗɗoya da na'ana'a da tafarnuwa da masoro, ya ƙara shammar ɗin da ya saya wajen mai maganin Musulunci. A nan hanyoyin biyu suka rabu: Bahaushe a waje yake sa yajinsa, kamar yadda ake yi wa tsire da balangu, shi kuwa Ba'italiye a ciki yake rufe ƙamshin, ya bar zafi ya kai shi ko'ina. Ya naɗe, ya ɗaure da zare, ya bar shi ya sha gishiri, ya zuba yashi a gindin babbar tukunyar ƙarfe, irin yadda mata ke gashin kek, ya tanadi garwashi sama da ƙasa.

Yana shirin rufewa ta yi magana daga bakin ɗaki, ba tare da ta dube shi ba. Ta ce rago ba shi da kitsen da zai jure doguwar wuta, haka nan zai bushe ya zama igiya. Ta tashi, ta ɗauko shimfiɗar kitsen nan da ke lulluɓe tumbi, ta naɗe naman da ita da hannunta, ta kuma rage garwashin da ya tara. Abin da fata da kitse ke yi wa gashin Aricca, shi ta mayar da abin da ta sani tun tana amarya.

Bayan sa'a uku ya buɗe. Ya so ya yanka nan take, ta ce ya bari ruwan naman ya kwanta. Da ya yanka, kowane yanki ya fito da koren zobe a tsakiyarsa. An fitar da rabon maƙwabta tukuna, kamar yadda ake yi da naman layya. Ita ce ta ƙarshe da ta ɗauka. Ta yi bisimilla, ta tauna a hankali, ta ce gishirin ya ɗan yi yawa, baɗi a rage.

Tambayar nan ba ta yi ta ba har yau, shi ma bai amsa ba. Amma da wata Sallar ta zagayo, kafin a fara suya, ya tarar an ware awaza ɗaya an rufe ta da faifai.