Da Sabon Takalmi Zuwa Agadas

Yayana ya daɗe yana ƙorafin cewa cikin Hilux ɗinsa na gugar ƙasa duk lokacin da ya shiga gona da damina. Da aka sa ranar ɗaurin auren ɗan kawunmu a Agadas, sai ya sami hujja. Saura sati biyu tafiya ya kai ta gareji, aka canza sifirin da shokozoba, aka ɗaga ta inci biyu. Ta dawo gida tsololo, jiki a sama, ƙafafu 'yan firit a ƙasa, sai ka ce zalɓe. Bakaniken dai bai ɓoye masa ba, ya ce ɗaga bodi ba ya ɗaga aksul. Tulun nan na tsakiyar aksul ɗin baya, wanda shi ne ke fara dukan dutse, yana nan inda yake, kuma taya kaɗai ke iya ɗaga shi.

Haka muka tsinci kanmu a Ƙofar Ruwa ta Kano muna karatun gefen taya. Tsofaffin an rubuta musu 265/65 R17: faɗi milimita 265, tsayin gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wili inci 17. Yaya ya ƙyalla ido a kan 285/70, masu manyan haƙora, waɗanda 'yan kasuwar ke kira "talatin da uku". Na yi lissafi a waya. Daga tsayin kusan santimita 78 za a koma 83, kuma rabin wannan bambancin ne kawai zai shiga ƙarƙashin aksul.

Na ce, "Yaya, duk wannan kuɗin a kan faɗin yatsu biyu?"

Ya ce, "Ranar da yatsu biyun suka fisshe ka za ka yi bayani."

Huɗu ya saya. Mai shagon ya yi ta lallashinsa ya cika ta biyar, Yaya ya ce ai safayarsa sabuwa ce dal, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba. Ba mu bar layin ba ma muka ji aikin da muka yi. Yana murɗa sitiyari zuwa ƙarshe sai gurrr, haƙoran taya suka kama robar cikin madigadi. Wani yaro ya zo da wuƙa ya yanke gefen robar, ya kwance 'yan fatun tare laka na gaba, ya miƙo mana su a leda.

Bayan sallar asuba muka ɗau hanya. Kazaure, Daura, Kwangwalam, muka tsallaka Ɗan Barto, muka bi ta Matamaye. A kan kwalta tayoyin suna wani gunji kamar amyar zuma, har sai mun ɗaga murya. Agogon gudu na nuna 100, wayata na nuna 107, domin babbar taya kan ci ƙasa fiye da abin da aka saita agogon a kai. Ma'aunin kilomita ma haka yake rage mana tafiya, abin da ya rikita wa Yaya lissafin mai. Motar kuma ta yi nauyin tashi. Wuce tirela sai ya sauko giya ɗaya, abin da da ba ya yi. Shi dai murna yake, don a kowane shinge jandarmomi sai sun zagaya sun kalli ƙafafun.

Mun kwana Damagaram. Daga can zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne. Har Tanut, cibiyar Damargu, akwai gonakin gero jefi-jefi, daga nan itatuwa suka fara gajarta, raƙuma suka fi shanu yawa. Gaba kaɗan muka iske inda hanya ta lalace, manyan motoci sun yanke ta gefe cikin rairayi. Yaya ya sa giyar taya huɗu, ya dube ni ya ce yanzu zan ga aiki. Ba mu yi nisa ba muka lume. Yana taka totur, haƙoran nan da ya biya kuɗi a kansu suna haƙa mana rami.

Wani Ba'abzine ne ya tsaya, cikin wata tsohuwar Land Cruiser mai siraran tayoyi da suka kusa sulɓewa. Bai yi dariya ba, ko kuwa rawaninsa ne ya rufe ta. Ya tsuguna, ya danna tayar da babban yatsa, ya ce, "Alhaji, wannan ai dutse ka hura." Ya ciro tsinken ashana ya danna bakin iska, yana ƙirge a ransa, taya bayan taya. Gejinmu ya sauka daga 35 zuwa 18. Ina kallo tayar ta yi tumbi, sawunta ya miƙe ya yi tsawo a kan yashi, tamkar tafin raƙumi in ya sauke nauyinsa. Ya sa muka share yashin gaban kowace ƙafa da hannu, ya ce a tashi da giya ta biyu, a hankali, kamar mai fita daga gidan surukai. Motar ta hau sama lafiya lau. A nan kam girman tayar ya yi rana, don mai gefe dogo ta fi jure sassauci ba tare da wili ya cije ta ba. Ya ƙi karɓar ko dala, sai ruwan sanyi.

Kuskurenmu shi ne ba mu mayar da iskar da wuri ba. Kafin Adarbisinat wani kututturen ƙaya ya soke tumbin tayar baya ta dama. Muka fito da jak, muka murɗa shi har ƙarshe, taya na zaune daram a ƙasa. An ƙara wa mota tsawo, an manta da jak. Sai da muka tsinto faffaɗan dutse muka ɗora shi a kai, muka kuma yi haƙa a ƙarƙashin tayar. Sannan safaya ta fito, sabuwa dal kamar yadda Yaya ya faɗa, amma gajeriya da santimita biyar. Haɗa ta da doguwa a aksul ɗin da ke tura mota zai wahalar da haƙoran cikin tulun nan, don haka muka ciro ta gaba muka mayar baya, gajeriyar ta koma gaba. Ɗaga mota sau biyu ke nan, da rana tsaka. Giyar taya huɗu kuma an yi sallama da ita.

Ana kiran magariba muka hango hasumiyar masallacin Agadas, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, itace na leƙowa daga jikinta. Motar ta shiga gari a ɗan karkace, sitiyari na ja gefe guda. Washegari, tun kafin ɗaurin aure, muka zagaya shagunan taya. Ko'ina 7.50 R16 ce jibge, irin ta mutumin da ya fisshe mu. Tamu babu. Wani mai faci ya juya tayar da ƙaya ta soke, ya zura yatsa a hujin, ya ce gefe ba ya riƙe faci, amma zai ɗaura mata daga ciki ya sa tif, ta kai mu Kano in ba a yi gudu ba.

Yaya ya ce ya yi, ya kuma tambaye shi ko yana da wani guntun katako mai kauri na sayarwa.