Littafin Da Muke Tsoron Ɓatawa



Da yawanmu muna da shi a ajiye: wani littafi mai bangon fata, ɗinkin hannu, da 'yar igiyar da ake naɗe shi da ita. Wasunmu a Kasuwar Kurmi muka sa dukawa suka yi mana bangon da jar fatar akuya, wasu kuma a intanet muka gani muka yi oda. Ranar da ya shigo hannu har sansanar sa muka yi, muka ce to, labarin nan da muka daɗe muna ɗauke da cikinsa ya samu gida.

Sai kuma muka ga ai irin wannan littafi ya fi ƙarfin biro. Muka bazama neman alƙalami mai shan tawada. Ashe nan ma makaranta ce guda. Ga Hero na China mai sauƙin kuɗi, ga Parker irin na iyayenmu da kwalbarsa ta Quink, ga Lamy na Jamus ga mai hali. Muka koyi cewa mai ƙananan rubutu siririn baki zai nema, kuma takarda mara kauri tawada ratsa ta take yi ta ɓullo ta baya. Wasunmu sai da muka kashe alƙalami ɗaya kafin muka gane ba a ɗura masa tawadar allo, don ƙaron da ke cikinta toshe shi yake yi.

Kuɗi sun tafi, kaya sun haɗu. To ina labarin?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Shafin farko ne kawai muka taɓa, sunanmu da kwanan wata. Sauran fari fat. Duk jimlar da ta zo mana sai mu ga ba ta kai ta hau wannan takarda ba, mu ce bari ta ƙara nuna. Haka shekara ta zagayo, labarin yana ta dusashewa a ka, har sunan jarumar ya fara kwance mana.

Abin mamaki, mu ne fa muka tashi da allo. Alƙalamin kara, tawadar da aka haɗa a gida, ka rubuta a karkace, malam ya gyara, ka wanke ka sake. Ba wanda ya taɓa jin tsoron allonsa, shi ya sa hannu ya faɗa. Yaushe muka koma masu jin kunyar takarda?

Ba mu ce kada a sayi abu mai kyau ba. Alƙalamin da ke tafiya sumul yana sa mutum ya daɗe a zaune. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma littafin da ba a soke layi ko ɗaya a cikinsa ba, kayan ado ne.

A wannan makon mu ɗauko shi, mu kwance igiyar, mu ɓata shafi na biyu da gangan. Na uku zai zo da sauƙi.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.