Daga Nima zuwa Abossey Okai: motar farko ta saurayi

A Nima da Maamobi, yaro na cika shekara 18, shekarun samun lasin a Gana, sai ka ji zancensa ya koma na mota. Yawanci tsohuwar Corolla ko Vitz yake hari, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema.

Idan ɗanka ya nuna maka wata, fara duba lambar tafiyarta. Motar Amurka da mil take ƙirga, don haka 150,000 a allonta kusan kilomita 240,000 ke nan. Ga shi kuma ana iya juya lambar baya. Ni dai na fi yarda da fedar birki da sitiyari. Idan sun sha jiki, ba sa ɓoyewa.

Ku je da sassafe injin na sanyi, tare da fitan da ba dillali ya kawo ba. Shuɗin hayaƙi daga salansa, inji na shan baƙin mai. A ɗaga kafet a shinshina, domin motar da ambaliya ta taɓa shanyewa tana wari, kuma wayoyinta ba sa daina rigima.

Kafin a biya ko sidi ɗaya, ku bi ta Kaneshie ku shiga Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Ankara. Bar yaron da bakinsa ya tambayi kuɗin giyabos da shokozoba na wannan motar, shago uku ko huɗu, ya rubuta. Sannan a gwada lambar shasi da takardun DVLA.