Fadar Marubuta a Garin Siminti

Kafin ka ga gidajen Malbaza, dogayen rumbunan masana'antar siminti ne ke fara yi maka maraba. In ka taso daga Birnin Ƙonni ta babbar hanyar da ta nufi Madawa da Maraɗi, ka wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta ɓalle, ba za ka daɗe ba sai ka hango su, ga manyan motoci jere a bakin titi suna jiran lodi. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a nan, kuma a 2011 aka cire garin daga ƙarƙashin Ƙonni ya zama gunduma mai zaman kanta. Gaba kaɗan Galmi ce, mai albasar da ta yi suna har bakin teku da asibitin mishan da aka buɗe a 1950.

Siminti da albasa kowa ya san su. Abin da ya zaunar da ni a garin wata fada ce ta samari, irin wadda ake gani a kowace unguwa a Nijar: tabarma, benci, buta bisa gawayi, ana jiran shayi ya nuna. Bambancin wannan shi ne, in an sallame isha'i, ɗayansu yakan fito da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya haska fitilar waya, ya karanta wa sauran abin da ya rubuta. Akwai malamin firamare a cikinsu, akwai tela, akwai ɗan kabu-kabu, akwai mai aikin lodi a masana'anta.

A daren da na zauna, telan ne ke karatu. Labarin yaro ne da zai tafi ci-rani Libiya, abin da kusan kowane gida a ƙasar Adar ya sani. Ya kai wurin da uwar ke sallamar ɗanta, tana kiran sunansa tana jera masa nasiha shafi guda cur. Sai ɗan kabu-kabun ya ɗaga hannu. "Tsaya, abokina. Ba ka ce ɗan fari ne ba? Wace uwa ce za ta kama sunan ɗanta na fari a bakinta? Hura za ta dama mishi, ta aje, ta juya baya kamar ba ta san zai tahi ba." Telan ya yi shiru, ya ɗan ɓata rai, sannan ya karɓi biro ya ja layi a kan shafin gaba ɗaya. Gyaran ya yi daidai, kuma ba kowane edita na birni zai hango shi ba. Sai wanda ya ga uwa ta yi wannan alkunyar da idonsa, kuma yake da kusancin da zai faɗa wa marubuci gaskiya ba tare da zumunci ya lalace ba.

Wahalarsu babba ita ce rubutun kansa. Yawancinsu da Faransanci suka yi karatu, hannunsu ya saba rubuta "ou" inda Hausa ke son "u", kuma ƙ da ɗ da ɓ sukan ɓace musu. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram tun 1973, amma ba su game ƙasa ba. A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, sai dai doka ba ta zuwa ta zauna kusa da yaro ta nuna masa inda ake raba kalma. Malamin firamaren ne ke wannan aikin, da jan biro, ba ko sisi. Na so yadda yake yi: yana gyara ƙa'idar rubutu, amma in mutanen labari suna magana, yana barin musu "munka" da "sunka" yadda ake faɗa a Ƙonni da Sakkwato. Ina tare da shi a kan haka. Tsohuwar garin Dogarawa da ta buɗe baki da Hausar Kano ta daina zama tsohuwar Dogarawa.

Irin wannan haɗin kai ba baƙo ba ne a adabin Hausa. A Kano, wajen farkon shekarun 1990, da kamfanonin ɗab'i suka juya wa sababbin marubuta baya, Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suna buga littattafansu da kansu, kowa na tallata na ɗan'uwansa a shafukan nasa. Waɗancan littattafan sun ƙetare iyaka ta Illela, kuma samarin fadar nan sun ce a hannun yayyensu mata suka fara ganin su.

Abin da ya dame ni shi ne 'yan matan. Fada wurin maza ce, budurwa ba ta zama a can da dare. Telan ya ce ƙanwarsa ta fi shi iya tsara labari, amma ta WhatsApp take tura wa ƙawayenta, su saurara su mayar mata da ra'ayinsu cikin murya. Su ma fadarsu ke nan. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata ta sa da yawansu sun san ana neman abin da suke rubutawa, amma mai gyara musu ƙa'ida kafin su aika shi ne babu. Na roƙi malamin ya riƙa karɓar nasu ta hannun 'yan'uwansu, ya ce in sha Allahu zai yi.

Maɗaba'a tana nesa. Yamai ta haura kilomita 400, don haka hankalinsu ya fi karkata ga Sakkwato ko Maraɗi. Sun fara adashi duk ranar kasuwa, kowa na zuba abin da ya samu, da niyyar haɗa gajerun labaransu a littafi ɗaya. Sun riga sun yi yarjejeniya cewa ba labarin da zai shiga sai an karanta shi a fada kowa ya amince, kuma na telan yana jiran ya sake rubuta sallamar uwar.